A Jira Gyaɗar Hanifa Ta Ƙosa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Mazauna Rukunin Gidajenmu da ke Kubwa, Abuja.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, da fatan ana shan ruwan damina lafiya.

Ranka ya daɗe, kwanakin baya na ji raɗe-raɗin wai za a share lungun bayan tankin ruwa a shimfiɗa intalok don ajiye mota. Ban yarda ba. Na ce wurin da ko akuya sai ta yi dabara kafin ta juya, wace mota ce za ta shiga? Ashe ni ne ban san Abuja ba. Yanzu an ce Asabar mai zuwa ma'aikata za su zo, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni ne Malam Sule, tsohon nan mai kujerar roba a gindin benen ƙarshe. Ɗana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne. Matarsa, Maman Hanifa, a da malamar firamare ce, yanzu a gida take koyar da 'ya'yansu: Hanifa mai shekara shida da ƙanenta Sadik. Ga kukana dalla-dalla.

1. Na ji an ce a taronku wani ya ce shukar da ke lungun nan ciyawa ce, ya kira jikokina yaran da ba sa zuwa makaranta. Ba sa shiga motar makaranta, wannan gaskiya ne. Amma da sassafe Alƙur'ani ake yi, sannan a kau da kwanukan kumallo, teburin ya zama aji. Karatu, rubutu, sai lissafi da ƙwayar wake, wanda aka koma yi da murfin kwalba tun ranar da Sadik ya cusa amsar a hancinsa. Ni ma an sa ni a jadawali, wai tatsuniya da hantsi. Na ƙi, domin mu an raine mu a kan cewa mai tatsuniya da rana ɓata yake yi a kasuwa, ni kuwa ko ba tatsuniya ɓata nake yi a garin nan. Sai aka ba ni darasin noma.

2. Ranar farko na tambayi Hanifa daga ina gyaɗa take fitowa. Ta ce daga kwalba, a cikin cunkoson motoci na hanyar gari. Da na ce a ƙarƙashin ƙasa take 'ya'ya, sai ta dube ni da tausayi, ta ce wannan ma tatsuniya ce. Uwarta ta nuna mata hoto a waya, ta ce ai ana haɗa hoto. Jika dai matar kaka ce, kuma ba a so mace ta ɗauki mijinta maƙaryaci. Gidanmu a sama yake, ƙasa duk siminti, don haka na nemi izinin sakatarenku, ya ce mu shuka a lungun. Da hannunta ta binne irin.

3. Yau gyaɗar ta yi fure ruwan ɗorawa, furen ya sunkuya ya soka kai a ƙasa. Kullum da safe sai ta auna tsawon da rula, ta zana ganyen, ta rubuta sunan ranar. A lungun nan ta koyi jera kwanakin mako ba tare da ta tsallake Laraba ba. Sau da yawa tana so ta tona ta gani, ina hana ta, ina cewa a yi haƙuri a jira ganye ya fara bushewa. Ta yarda ta jira, amma ba ta yarda da ni ba tukuna. Idan aka zo da shebur ranar Asabar, haƙurinta ya tashi a banza, ni kuma na zauna a matsayin tsohon da ya ce gyaɗa tana fitowa daga ƙasa.

Ban ce kada a yi wurin mota ba. Na ga yadda maƙwabta ke fama da yamma. Roƙona shi ne a ɗaga aikin zuwa kaka, a bar yarinyar nan ta tuge tushe ɗaya da hannunta ta karkaɗe ƙasar. Bayan nan ni da kaina zan share muku wurin. Ina kuma roƙon mai maganar ciyawa ya leƙo ajinmu wata safiya, akwai kujera, sai dai gajera ce.

Kada ka sha wahalar binciken wanda ya kwarmata mini batun Asabar. Wadda ta gaya mini a ƙarshe ita ce mai ɗakinka, Hajiya Binta, da ta zo duba furen. Ta ce in rubuto maka, domin ka fi jin maganar takarda a kan ta cikin gida. Ta kuma riga ta ce a ajiye mata dafaffiyar gyaɗa kwano ɗaya idan an tuge, ban kuwa san yadda za ka yi mata bayani ba idan aka share.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin jama'a, ya raya mana zuriya baki ɗaya.

Wassalam.

Malam Sule, kakan Hanifa.