Kiran Shanun Baffa Bawa

Asabar, 4 ga Mayu, 2024

Kasuwa ba yabo ba fallasa. Caji dai ana kawowa, amma tura waƙa a memori ta mutu murus, kowa ya iya sauke abinsa da kansa. Ni Rilwanu, da na yi shekara biyu a kwalejin ilimi, ga ni ina gadin wayoyin mutanen Gwandu kamar mai kiwon kaji.

Muzzammil, ɗan mawaƙin da nake tallatawa, ya kira daga Kalgo, wai ina labari, Manaja. Wane labari? Waƙarsa ta uku ke nan da na ɗora a shafina na Tiktok, waɗanda suka kalla ba za su cika mota ɗaya ba, cikinsu har da ni da ƙanwarsa. Yaron yana da murya, hoto ne ba shi da shi. Kullum gaban labule ja yana shafa ƙirji. Na ce masa mutanen birni ƙauye suke son gani, mu nemo shanu.

Goggo Huseina, mai nonon da ke zama gindin dogon yaro a bakin shagona, ta ce mu zo rugarsu ta hanyar Dalijan, mijinta ba ya hana baƙo tsayuwa.

Talata, 7 ga Mayu

Mun je. Muzzammil ya sha farar shadda, ya taka kashin shanu tun kafin a fara.

Ba wannan ba. Da la'asar sakaliya muna harhaɗa kaya, sai Baffa Bawa, mijin Goggo, ya hau wani ɗan tudu, ya aza sanda a kafaɗa, ya buɗe baki. Ban san me zan kira shi ba. Yana farawa ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashi, sai ya tashi sama ya karye, ya sake tashi. Fulatanci ne, ban ji komai ba sai sunaye. Shanun suna can nesa bakin fadama. Wata tsohuwar saniya mai farin goshi ta ɗaga kai, ta juyo, duk garken ya biyo ta a jere, ba wanda ya ɗaga sanda. Wule sunanta. Ya ce daga saniyar uwarsa ta fito, kiran kuma a bakin kakansa ya ji shi.

Tsikar jikina ta tashi. Kafin ta kwanta, ɗan kasuwar da ke cikina ya riga ya yi lissafi. Na roƙe shi ya maimaita in ɗauka. Dariya ya yi. "Mi za ka yi da shi? Ba waƙa ta ba, kiran shanu na." Na ce duniya za ta ji shi. Ya ce, "Ɗauka, ɗana. Murya ba ta ƙarewa."

Alhamis, 9 ga Mayu

Kalgo, ɗakin haɗa sauti na abokin Muzzammil. Sun so su lulluɓe muryar tsoho da ganga tun daga farko. Na ce ko kusa. Mai waya babban yatsa gare shi marar haƙuri, in ba ka kama shi da numfashin farko ba ya wuce. A bar kiran tsirara, shi kaɗai, sannan kiɗa ya shigo, sannan Muzzammil ya zo da soyayyarsa. Sun yi gunaguni, sun bi.

Na ɗora bayan Magariba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Wayata ta yi zafi kamar tandar masa.

Juma'a, 17 ga Mayu

'Yan matan Kano suna rausaya da ita, wani soja ya yi bidiyo da ita, har daga Yamai an rubuto ana tambayar wane ne tsohon. Mabiyana sun ninka ba adadi. Masu babur na kabu-kabu sun mayar da ita ƙarar kira. Waɗanda suka daina zuwa tura waƙa sun dawo, kowa "sa min ta mai shanu." Ina sawa, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Baffa ya shigo gari Masallacin Juma'a, na zaunar da shi a benci, na ba shi sabuwar malfa da tocila, na nuna masa. Ya daɗe yana kallon wata yarinya mai jan baki tana motsa leɓe da muryarsa. Can ya ce, "Duk waɗanga suna da shanu?" Na ce ko akuya ba su da ita. "To wa suka kira?"

Goggo ta yi dariya har ludayi ya faɗi. Ta ce na maishe mata tsoho ɗan fim, yanzu sai ya fara shafa mai.

Laraba, 22 ga Mayu

Goggo ta zo da labari tana dariya. Jiya wasu samari suna wanke babur a bakin fadama, suka kunna waƙar, sai ga Wule ta taso da garke duka, suka tsaya a kansu suna kallo. Samarin suka watse, ɗaya ya bar takalmi.

Ita dariya ta gani. Ni kasuwa na gani.

Alhamis, 23 ga Mayu

Na ari lasifikar mai shayi, na je fadama da rana, Baffa yana can wajen rijiya. Na tsaya nesa na kunna. Suka zo. Wallahi suka zo, Wule a gaba, har ta sa hanci tana shinshinar lasifikar, tana waige-waige tana neman mai muryar. Na ɗauka tsaf. Na rubuta a ƙasa: waƙar da har shanu ke so.

Ban gaya masa ba. Ba ɓoyewa na yi ba, bai dai tambaya ba.

Litinin, 27 ga Mayu

Wannan ya fi na farko tashi. Yanzu yayi ne: samari daga Malisa, daga Kalgo, har daga Birnin Kebbi, su hau babur su je gefen ruga su kunna, shanu su taso, su ɗauki hoto suna ihu. Muzzammil an gayyace shi biki biyu. Ya sayi tabarau.

Goggo ba ta yi dariya yau ba. Ta ce shanu ba su samun kiwo, da sun sa baki a ciyawa sai a kira su. Nono ya ragu. Na ce yayi ne, Goggo, kwana nawa ne. Ta dube ni, ta rufe ƙwaryarta da faifai.

Talata, 4 ga Yuni

Wule ta mutu.

Laraba, 5 ga Yuni

Goggo ba ta fito jiya ba. Yau ta zo, ba ta ɗauko nono ba, ta zauna inda ta saba.

Wani mai kabu-kabu ne ya wuce a titi da lasifika ɗaure a kan babur. Ba ma wasan ya zo yi ba, hanyarsa ce. Shanun suna wannan ƙetare, sautin yana wancan. Wule ta hau titi. Babbar mota ce mai albasa, direban ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah Ya tsare sauran.

Ta ce ko da Baffa ya iso tana da rai, ƙafafun baya sun karye, tana ta shure-shure, maza sun kasa riƙe ta. Ya durƙusa, ya kama kunnenta, ya yi mata kiran a hankali. Ta natsu. Shi ya sa mata wuƙa da hannunsa.

Ni, da ake cewa zan iya sayar wa makaho madubi. Iyakar abin da na ce, Allah Ya mayar da alheri. Ta ce amin, ta tashi.

Hassan mahauci ne ya kwashi naman. Tukubarsa tana kallon shagona. Da yamma ya aiko min tsire kamar yadda ya saba, na ce cikina ba daɗi.

Asabar, 8 ga Yuni

Na goge bidiyon biyu daga shafina. Wofi. Mutane sun riga sun sauke, sun sake ɗorawa da sunayensu, wani ma ya ce kakansa ne. Magana zarar bunu ce, an ce. Wannan ba bunu ɗaya aka zara ba, jinkar aka kwashe, kuma ni na tsaya bakin ƙofa ina rabawa.

Muzzammil ya bugo yana kumfa. Wai na kashe masa kasuwa kan saniya ɗaya, ai dabba ce, a haɗa a biya tsoho. Na ce ka je ka gaya masa da bakinka. Can ya ce, "Manaja, wa ya kai lasifika fadama, ni ko kai?"

Na kashe wayar. Yaro ba shi da ladabi. Ƙarya dai bai yi ba.

Alhamis, 13 ga Yuni

Na je ruga. Na shirya jawabi tun daga gida, da ayoyi da karin magana, na san inda zan sassauta murya. Baffa ya shimfiɗa min buzu, ya sa aka kawo fura. Bai ambaci Wule ba, bai ambaci waya ba. Ya tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta. Na sha furar, na bar jawabina a aljihu. Da zagina ya yi da na san yadda zan yi da shi.

Da yamma ya hau tudun ya yi kira. Na ga abin da Goggo ba ta gaya min ba.

Ba su zo ba. Biyu sun ɗaga kai, suka mayar. An yi musu ƙarya da muryarsa har sun daina yarda da ita. Ya sake, ya ƙara ƙarfi, muryar ta fashe a sama. Ko kunne ba su kaɗa ba. Ya sauko ya sauke sandar daga kafaɗa, ya nufi fadama yana ɗingishi. Ina ji daga nan, tim, tim, a bayan shanu.

Goggo ta ce tun aurensu ba ta taɓa ganin ya daki saniya ba sai wannan sati.

Shuka ta fito ko'ina. Garken da ba ya jin kira, ranar da ya faɗa gonar wani, ba tsohon da zai tare shi da ƙafa. Kowa ya san abin da ke biyo bayan wannan. Baffa ya ce in abin bai gyaru ba, ko ya sayar, ko ya yi nisa inda ba waya. Na ce Baffa, ina ne ba waya yanzu? Ya ce shi ma abin da yake tambaya ke nan.

Lahadi, 16 ga Yuni

Sallah. Tun daga filin idi har gida, sau nawa na ji waƙar ban sani ba. Yara suna bin raguna da ita.

Talata, 25 ga Yuni

Na ɓullo da sabuwar sana'a. Duk wayar da aka kawo caji, in ba ta da makulli, sai in shiga in goge waƙar. Mai makulli kuwa in ce masa waƙar tana ɗauke da cutar da ke cinye batir, ga shi nan ma wayarka ta fara zafi, taɓa ka ji. Wayar da ta fito daga caji ai dole ta yi zafi. Suna gode min.

Masu kabu-kabu na ce musu wani malami ya ce duk babur ɗin da ke kunna ta, taya ba ta daɗewa. Wane malami? Na ce ba a faɗin sunansa. Rabinsu sun cire.

Kwasar ruwan gulbi da ludayi. Na sani.

Asabar, 13 ga Yuli

Shanun Baffa sun shiga geron wani mutumin Dalijan. Kaɗan suka taɓa, dattawa sun sasanta, amma an yi wa Baffa magana mai zafi a gaban jama'a, yana tsaye yana riƙe da malfarsa. Ba wadda na ba shi ba, tsohuwar.

Yayin ya wuce, an koma wata waƙar Kano. Mabiyana suna zubewa kamar ganyen kuka. Ko mai tambayar wane ne tsohon babu. Su sun gama da ita, shanun ne ba su manta ba.

Goggo ta ce ya sayar da bijimai biyu, masu taurin kan.

Juma'a, 26 ga Yuli

Jiya na kai wa Goggo maganin da ta aike ni, na daɗe har yamma.

Baffa bai hau tudu ba. Cikin garken ya shiga, ya tsaya kusa da wata karsana, 'yar Wule ce ta ƙarshe, yana wani abu ƙasa-ƙasa. Ba tsohon kiran ba ne. Wannan gajere ne, yana da gargada, sai ya fara ya tsaya ya canza, kamar mai koyon karatu da tsufa. Goggo ta ce kwanakin nan kullum haka yake, ɗaya bayan ɗaya, a kunne, da ɗan gishiri a tafin hannu. Sannan ya ja da baya kaɗan ya sake yi. Karsanar ta ɗaga kai. Ta yi taku ɗaya, ta tsaya. Ta ƙara. Sauran ba su motsa ba, ita kaɗai.

Hasken yamma ya faɗo musu daidai yadda ake so. Waya tana aljihuna. Batir ɗin dai bai cika ba, kuma ko an ɗauka ba zai yi kasuwa ba, ba daɗi gare shi kamar na da.

Yau Muzzammil ya zo da kansa, ya kawo min goro, wai a manta baya. Waƙarsa ta biyar ta kwanta. Ya ce, "Manaja, tsohon nan ba shi da wata? Ko 'yar ƙarama?" Na ce tsoho ya daina, muryar ta tafi, yanzu da sanda yake kiwo kamar kowa, kada ka wahalar da man babur ɗinka. Ya yarda. A ƙarya ba a taɓa kama ni ba.

Bayan ya tafi ina jera wayoyi a kan allo, shago cike da masu jira, sai na ji wani yana rera sabon kiran ƙasa-ƙasa. Na waiga. Ashe ni ne.

Na kama bakina. Na duba, ba wanda ya ɗago kai.