Bakin Malam Bai Buɗe Ba

Alhamis, 8 ga Fabrairu 2024

Sun sake zuwa. Tun da maigidana, Malam katekist, ya faɗi a Disamba, ƙungiyar addu'a ta mai da tsakar gidana wurin taronta, ba wanda ya tambaye ni. Wai tun da katekist ba ya iya zuwa majami'a, majami'a za ta zo masa. Magana mai daɗi. Ni dai ce mai shara kafin su zo, ni ce mai naɗe tabarmi bayan sun watse.

Hawan jini ya cinye masa ɓarin dama, ya tafi da bakinsa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana karanta wa 'yan Katolikan Dakoro Linjila, ya yi wa yaransu baftisma, ya binne matattunsu in Mompera, limamin cocinmu, bai samu zuwa daga Maraɗi ba. Yau ko ruwa yake so sai ya buga kofi a ƙafar gado.

Mu da ba mu cika rumfa ɗaya ba, har mun rabu biyu: masu baiwa da marasa baiwa. Ina cikin na biyun.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Beatris ce ta kawo mana wannan abu. Ungozoma ce a likita, wato asibitin gari, bara aka turo ta. Renuvo suke ce masa, wai sabuntawa cikin Ruhu Mai Tsarki. Tafi, waƙa, ɗaga hannu sama, daga nan sai ta rufe ido ta shiga wata magana da ba Hausa ba, ba Faransanci ba, ba Tamashak ba. Addu'a da harsuna ke nan. Isufu tela shi ke fassara. Isufun da Malam ya sha wuya kafin ya koya masa addu'ar Ubanmu Wanda Ke Sama, yau shi ke gaya mana abin da Allah ya ce.

Sun ɗora mini hannu ni ma. Na jira in ji wani abu. Ƙaurin miyata da ke kamawa a tukunya kaɗai na ji.

Beatris ta ce, "Maman, ki saki jikinki." Da wane lokaci?

Lahadi, 3 ga Maris

In faɗi gaskiya, yana murna da zuwansu. In ya ji tafi daga ƙofa idonsa sai ya yi haske. Ni da ke juya shi, in wanke shi, in kwashe abin da ya yi, ba na samun wannan idon.

Alhamis, 14 ga Maris

Yau ta yi annabci. Ta daɗe durƙushe gaban gadonsa tana rawar jiki, sannan ta faɗa da Hausa tsantsa, ba sai an fassara ba: kafin ranar Fentikos, idin saukar Ruhu, ta wuce, bakin bawan Allah zai buɗe, zai karanta Magana a gaban jama'a.

Aka yi ta guɗa. Malam ya yi kuka, yawu na zuba ta gefen bakin da ya karkace. Na share masa.

Da suka fita na bi ta zaure. Na ce, Beatris, ke ma'aikaciyar likita ce, kin san abin da majo, babban malamin asibitinku, ya ce game da ciwon nan. Ta riƙe hannuna ta ce ba ita ta faɗa ba, ita ma ji ta yi. Ba ƙarya a idonta. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Asabar, 23 ga Maris

Isufu ya zo shi kaɗai, ya ga ƙwayoyin tansiyo, maganin hawan jinin Malam, a kan taga. Ya ce wanda aka yi wa alkawari, shan magani alamar shakka ce. Na ce in ya taɓa su zai san ni. Na kai ƙara wurin Beatris, a nan kam ta tsaya tare da ni, ta wanke shi tas. Na rubuta wannan don kada in zalunce ta gaba ɗaya.

Lahadi, 31 ga Maris, Ista

Mompera ya zo, an yi mes, babbar sujadarmu. Bayan an tashi Beatris ta ba da shaida: tana da ciki, bayan shekarun da suka yi ba haihuwa. Ta ce a taron addu'a aka faɗa mata tun kafin ta sani. Mijinta, malamin lekwal ne, yana koyar da yara a Bader Gula, yana gefe yana ta murmushi.

Na taya ta murna da baki. A raina na ce, to ga hujja ta samu, yanzu wa zai iya musa mata?

Alhamis, 25 ga Afrilu

Zafi. Ko ƙadangare ya nemi inuwa.

Malam ya sa na ɗauko masa Littafi, ya buɗe Ayyukan Manzanni da hannun hagu, yana bin layi da yatsa, leɓe na motsi. Yana shirin karatun Fentikos. Abin da ke fita, "ta, ta, ta." Sai ya dube ni in ce masa ya yi kyau.

Na ce ya yi kyau. Allah Ya yafe mini, ko Ya yafe mata, ban san wa ya fi buƙata ba.

Lahadi, 19 ga Mayu, Fentikos

Ba zan iya rubutawa yau ba.

Talata, 21 ga Mayu

Bari in rubuta, ko zai bar ƙirjina.

Na sa masa farar rigarsa ta bukukuwa. Aka ɗora shi a amalanke, samari na turawa, mata na waƙa a baya, mutanen unguwa na leƙowa. Raudatu maƙwabciyata ta fito ƙofa ta ce, "Dela, ina za ku da shi cikin ranar nan?" Na bi bayan amalanken.

A majami'a suka zaunar da shi gaba, suka riƙe masa Littafi. Kowa ya yi tsit. Ya buɗe baki. Jijiyar wuyansa ta tashi kamar za ta tsinke. Ta, ta, ta. Suka ƙara ƙarfin addu'a, harsuna ta ko'ina, hannuwa a kansa, a kafaɗarsa, ga zufa, ga zafi. Ya sake gwadawa. Sai na ga rigar ta jiƙe daga ƙasa, ruwa na bin ƙafar kujera.

Yaran da ya koya wa katekism suna kallo.

Na kwance mayafina na rufe shi. Ban san da wace murya na ce su matsa ba, amma sun matsa. Ni na tura amalanken har gida. Ban yarda kowa ya kama mini ba.

Alhamis, 23 ga Mayu

Ya juya fuska bango. Ko kunu ya ƙi.

Kuma suka zo. Wallahi suka zo, da tabarmarsu a hammata. Isufu ya ce an ba shi kalma: alkawarin Allah ba ya faɗuwa, sai dai in an tare shi. Akwai wata a gidan nan da ƙulli a zuciyarta, ita ta ɗaure bakin bawan Allah. Mace nawa ce a gidan nan? Duk suka sunkuyar da kai, wasu na kallona ta wutsiyar ido.

Na dubi Beatris. Jira nake ta ce a'a. Ta buɗe baki, ta rufe, ta dafa cikinta.

Na ce, "Ku tashi ku bar mini gida. Ƙullin da ke zuciyata ku kuka ƙulla shi." Isufu ya ce, "Maman katekist, ba da ke muke faɗa ba, da ruhun da ke..." Ban bari ya ƙarasa ba, na ɗauki muciya.

Shekara talatin ina share majami'ar nan. Yau ni ce shaiɗan.

Laraba, 29 ga Mayu

Raudatu ce ke kama mini shi in zan canza shimfiɗa. Ba ta taɓa tambayata abin da ya faru ba, ko da yake duk gari ya sani. Mijinta Agali yakan shigo da la'asar da butar shayinsa, ya zauna bakin gado, ya yi ta ba Malam labarin farashin raƙuma kamar ana amsa masa. Yau Malam ya kurɓi shayi. A hannun Agali, ba a hannuna ba. Ba komai, ya dai shiga ciki.

Lahadi, 9 ga Yuni

Ban je majami'a ba. Mompera ya biyo ni gida, ya kawo wa Malam gurasa mai tsarki, Jikin Almasihu. Ya karɓa, amma bai ɗaga ido ba.

A zaure Mompera ya ce baye-bayen Ruhu gaskiya ne, Ikilisiya ba ta musunsu, amma ana auna su, kuma ba wanda aka ba izinin sa wa Allah rana. Ya ce ya hana annabci a kan marasa lafiya, ya kuma ja wa Isufu kunne. Na ce, Mompera, ina wannan maganar take a watan Maris? Ya ce bai san abin ya kai haka ba. Haka ne. Kilomita da yawa ne tsakaninmu da Maraɗi.

Ya ce in yafe. Shi zai hau mota ya tafi, ni zan koma in wanke zane.

Alhamis, 27 ga Yuni

An yi ruwan farko. Kowa ya tafi shuka. Gonarmu ta Ɗan Gulbi bana 'yan'uwansa za su noma.

Na hango Beatris a hanyar famfo, ciki ya fito sosai. Ta tsaya kamar za ta gaishe ni. Na canza hanya. Sau biyu ta aiko da maganinsa ta hannun Raudatu. Na karɓa don nasa ne, ban ce a gode mata ba.

Asabar, 6 ga Yuli

Na gwada yin carbi. Kalmomin na fita, ba sa zuwa ko'ina.

Talata, 16 ga Yuli

Cikin Beatris ya zube. Namiji ne, an ce har da gashin kai. Raudatu ce ta kawo labari daga likita.

Abin da ya fara zuwa raina ba zan rubuta shi ba. Ya zo dai, na ji shi, ya daɗe bai tafi ba.

Alhamis, 18 ga Yuli

Yanzu a shagon Isufu suke taro. An ce ya samu sabuwar kalma: wadda ta yi annabcin da ba a aike ta ba, ta sha hukuncinta. Watau ƙullin ya tashi daga zuciyata ya koma tata. Ya kamata in ji sanyi. An wanke ni ke nan.

Waɗanda suka yi mata guɗa ranar Ista, an ce ƙalilan ne suka leƙa ta, su ma daga bakin ƙofa. Mijin ya zo ya binne jaririn, ya koma saboda jarrabawar yara. Uwarta na Maraɗi, ƙafa ba ta ɗaukarta.

Ba ruwana.

Asabar, 20 ga Yuli

Na gaya wa Malam, ban san dalili ba. Ina ba shi kunu ne maganar ta fito. Ya daina haɗiya. Ya daɗe yana kallona, rabon da ya dube ni ido cikin ido tun Fentikos. Sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna ƙofa.

Na ce, "Malam, ita fa ta yi maka wannan abin."

Ya sake nuna ƙofa. Ya buga kofi. Ya buga har kunun ya zube a zanen da na wanke da safe.

Ko baki babu, katekist ne. Na ce masa ba inda za ni.

Litinin, 22 ga Yuli

Na je. Don ya bar buga mini kofi ne kawai.

Kunun kanwa na kai mata, mai zafi, irin na masu jego. Ɗakin na wari, ba a buɗe taga ba. Tana kwance a tabarma da rigar da aka sallamo ta da ita. Nono ya kawo, ya jiƙe mata gaba, ba mai sha. Ita da ta karɓi haihuwar mata da yawa a garin nan, ba wadda ta zo ta ɗaure mata ƙirji.

Da ta gan ni ta yunƙura za ta durƙusa. Na ce ta kwanta, ban zo jin komai ba. Duk da haka ta faɗa. Ta ce ranar da Isufu ya nuna ni, ta san ba gaskiya ba ne, amma in ba ni ba ce to ita ce, sai tsoro ya kama ta. Ta ce, "Maman, na rantse na ji muryar nan. Yanzu ban san ta wa ce ba." Ta ce ta kasa addu'a, da harsuna da Hausa duka.

Na ce ta sha kunu.

Na ɗora ruwa, na yi mata wanka, na ɗaure ƙirjin da zane, na share ɗakin. Aiki ne, na saba.

Laraba, 24 ga Yuli

Na koma, kwanona na can.

Da zan fito ta kama bakin zanena. Ta ce in ɗora mata hannu. Na ce ni ba ni da baiwa, ta fi kowa sani. Ta ce ta sani, in ɗora hakanan.

Na ɗora. Ban ce komai ba, ba abin da ya zo mini, ba rawar jiki, ba murya. Ta yi kuka ƙarƙashin tafina har ta yi barci, ni kuwa hannu ya sage ban janye ba.

Ba addu'a ba ce. Goshinta ne da zafi, ina dubawa. Ban kuma ce na yafe ba.

Gobe sai in ƙara gero, kunun bai ishe ta ba.