Littafin Suhaila da Na Karanta a Baibai

Ka'akiyya, Makka
14 ga Rajab, 1445

Zuwa ga ƙanwata Kabira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Nan duk lafiya, ɗana Marwan na aikinsa a otal ɗin Jarwal, matarsa ta sauka lafiya. Shekara talatin da takwas ke nan da kuka bai wa masu ƙosai akwatin littattafaina na Turanci, kuma har yau ba wanda ya ce min yi haƙuri. Ban manta ba. Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Kin nemi Suhaila ta aiko miki da gaisuwa ta waya, don na yi miki alfahari cewa cikin jikokina tara ita kaɗai ke yin Hausa. Ga abin da ya faru.

Bara ta kawo min wani littafi mai kauri, irin na zane-zanen Japan da ake yi wa 'yan mata, an fassara shi da Turanci. Ta roƙe ni in riƙa juya mata shi da Hausa. Tun da na bar yi wa alhazai tafinta ba wanda ya nemi Turancina, sai na karɓa da rawar jiki. Na buɗe shi ta hagu, yadda aka koya mana a kwaleji. Shafin farko har gargaɗi ya yi, na ɗauka talla ce. Kullum bayan la'asar mu yi shafi biyu ko uku. Labarin ya fara da kujerar da ba kowa a kai, sai wani tsoho ya bayyana a kanta, yana ta ƙara ƙarfi, har jikarsa ta sauko daga jirgin da ke yawo cikin taurari ta rungume shi. Inda magana ta ƙi haɗuwa, na ce laifin mai fassara ne, na cike da tawa. Wata biyar muna haka, Hausarta ta nuna har tana yi min ba'a.

Ranar da muka gama, jikata Hadil 'yar Sami ta zo. Ta kalli hannuna ta fashe da dariya, ta ce ai mutanen Japan ta dama suke buɗe littafi, kamar mu da Larabci, daga ƙarshe na faro. Na dubi Suhaila. Ta sunkuyar da kai ta ce ta sani tun ranar farko, ta ma karanta shi sau uku, muryata kawai take son ji. Kabira, maimakon in yi dariya, kunya ta rufe ni. Na zazzage ta a gaban mutane, na ce ta mai da ni abin wasa. Kuma da Larabci na yi mata faɗan.

Bayan kwana biyu na buɗe shi ta dama, ni kaɗai, rana tsaka. Yarinyar tafiya ta yi. Tana aiko wa tsohon da saƙon murya daga sama, kowane saƙo da raguwar kalmomin da yake ganewa, har ya zama ƙara kawai yake ji. Mai zanen yana ta rage masa tawada shafi bayan shafi, har ana hango bango ta cikin ƙirjinsa. Sai a lokacin na lura tsohon yana riƙe da kofi da hagu, ƙaramin yatsansa a sandare, kamar nawa tun da na karye a Arfa. Wata biyar ina kallonsa ban gani ba. Yanzu idan Suhaila ta kawo min shayi, bangon da ke bayana take kallo. Jiya sai da na waiwaya.

Na ba ta haƙuri sau biyu. Ta ce ba komai, da ladabi, da Larabci.

Ki gaida Ɗan'auta da iyalinsa, da Hajiya Maryama, da Maman idan ya zo daga Damagaram. Kada ki jira gaisuwar nan ta Suhaila. Wata huɗu ke nan ba wanda ya yi min Hausa a gidan nan.

Yayanki,
Mukhtaru Mailafiya