Wani Yana Ƙirga Mu a Hanyar Kakau

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin naki, ya maigidan da yara, ya sanyin Jos? Mu nan Makera da sauƙi.

Kin san ƙungiyarmu ta masu tattaki, wadda na sa Baba a ciki saboda hawan jininsa. Duk Asabar mukan taka daga Kakuri har Kakau, ni ne a baya ina ƙirga mutane kada a bar wani.

Asabar ɗin da ta wuce Baba bai je ba, gwiwa ta dame shi. Mun kusa gonakin Kakau sai ga wani baƙo zaune kan babur a gindin mangwaro. Ya bari kowa ya wuce, sannan ya ce mini, “Yau ku sha tara ne. Ina tsohon nan mai sanda, wanda ’yarsa ke Jos?”

Yaya, ko a ƙungiyar ba kowa ya san da ke ba.

Na gaya wa Baba, dariya ya yi. Don Allah ki kira shi, maganarki kaɗai yake ji. Ki sa mu a addu’a, ki gaida kowa. Jibi Asabar, kuma ya riga ya wanke takalminsa.

Ƙaninki,
Bulus