Kindirmona Ba Ya Wanke Masa Ƙirji?

Anti Zuwairatu, don Allah ki taimaka mini, farin ciki ya yi mini yawa har ya haɗu da tsoro.

Ni Bafulatana ce daga Wagini. Maigidana injin niƙa gare shi a Safana, kuma sana'ar ce ta haɗa mu. Masu niƙan garinmu sun yarda kindirmo na wanke ƙurar da mutum ya shaƙa. To duk ranar da na kai tallan nono sai ga shi ya fito fari fat, har gashin ido, ya saya ya shanye a tsaye. Ƙawayena suka riƙa tsokanata wai ƙurar nan ba ta ƙarewa ne? Ashe ni yake zuwa gani! Yau ga mu da jaririnmu, wallahi ban taɓa jin daɗi irin na bana ba.

Matsalar ita ce tari. Da asuba yana yi har ya dafe bango, ƙirjinsa na kuka. In ya ɗaga yaron sama yana masa wasa sai numfashi ya sarƙe. Da na je awo na tambayi malamar asibiti, ta yi dariya ta ce nono ba ya zuwa huhu. Na sayo masa takunkumin rufe hanci, ya rataye a ƙusa, wai shi yana da likitarsa a gida. Anti, na ji daɗin maganar, amma ina son mijina da rai. Yaya zan faɗa masa ba tare da na karya masa zuciya ba?

Mai Kindirmo, Safana

Mai Kindirmo, barka da arziki, Allah ya raya.

Malamar ta yi gaskiya. Nono ciki yake tafiya, ƙura kuwa huhu take sauka, hanyoyinsu daban. Amma maigidanki ba taurin kai yake yi ba. Abin da ya taras ana faɗa ne, ga takunkumi da zafi a ɗakin inji, ga shi kuma yana ƙaunarki.

Kada ki janye ƙwaryar. Ki ba shi ya sha, sannan ki gaya masa kai tsaye cewa tarin nan yana ba ki tsoro. Ku je asibiti tare a duba ƙirjin, a gwada kakinsa, don tarin da ya daɗe ba a yi masa kintace. Ya nemi takunkumin masu aikin ƙura, mai kama hanci sosai. A fasa taga a ɗakin, a yayyafa ruwa kafin shara, ya sauya kaya kafin ya ɗauki yaro.

Tunda ya ce ke ce likitarsa, to likita ta ba da umarni: ba takunkumi da rana, ba kindirmo da yamma. Nonon ya riga ya gama aikinsa, ya kawo miki shi gida. Allah ya ba shi numfashin da zai yi wa jikokinku wasa.

Anti Zuwairatu