Turaku Fuɗu a Burtali

Tambuwal, Laraba

Zuwa ga Batula, uwar Nasiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya sa kaffara ne. Na ba mai mashin ɗin Jabo wannan takarda don maganar ba ta waya ba ce, na san a ɗakin Inna kowa na jin abin da ake faɗa.

Kin san ranar Asabar mun fita da ɗaliban aji biyar, tare da Malama Mu'minatu mai koyar da bayoloji, zuwa dajin Tungar Ɗangiwa ta wajen Kebbe. Aikin shi ne a kafa turaku fuɗu-fuɗu a kewaye su da igiya, kowane rukuni ya ƙirga ciyawar da ke ciki: gamba, ƙyasuwa, harƙiya, burburwa. Ni na fere turakun, ni na shafa wa kawunansu jan fenti don kada su ɓace. Arba'in na rubuta a littafina da safe. Bayan la'asar hadari ya taso, muka kwashe kaya a gurguje. Ɗalibai kam, na ƙirga su sau biyu. Turaku ban ƙirga ba. Shekara goma sha fuɗu ina kula da ɗakin gwaji, ban taɓa yin haka ba.

Jiya na kwance buhun turakun. Talatin da shida.

Yau a tasha na ji mutanen Kebbe na cewa an ga turakun 'yan safiyo, masu awon ƙasa, a tsakiyar burtalin Tungar Ɗangiwa. Fulani sun ce Maigari ya sayar da hanyar shanu za a yanka gonaki. Manoma sun ce Fulani ne suka kai ƙara don a auna a ci musu gonaki. Batula, wallahi ban san burtali ba ne. Fili na gani babu shuka, na ce wa Malama nan ya fi. Kuma ni na hana mu bi ta ƙofar Maigari mu gaishe shi, wai kada lokaci ya ƙure.

Ki sa ni cikin addu'a. Ki gaida Inna.

Naki,
Abdulganiyyu

Tambuwal, Juma'a

Batula,

Sallama da gaisuwa. Na ga saƙonki, na gode Allah da Inna ta fara shan kunu.

Abin ya ƙaru. Kwana uku ke nan matan ruga ba su shiga garin da nono ba, ke kin san abin da wannan ke nufi. An ce Ardo Na'iya, shugaban makiyayan wurin, ya rantse ranar Lahadi shanu za su bi burtalin nan ko me zai faru. Samarin gari kuma suna zuwa gona da abin da ba na yankan gero ba.

Na faɗa wa shugaban makaranta. Ya rufe ƙofa ya ce turaku ba su da suna a jiki, in yi shiru. Zan gaya miki abin kunya: na ɗauki biro zan mayar da arba'in ɗin nan talatin da shida. Na daɗe riƙe da shi. Sai na tuna in aka zubar da jinin mutum ɗaya, littafin da za a buɗe mini ba wannan ba ne.

Gobe bayan asuba zan tafi da buhun. Ban san ko za su saurare ni ba, mai fushi ba ya tambayar suna. Ko kuwa zuwan nawa ne zai ƙara hura wutar? Ban sani ba. Makullin akwati na hannun Yaya Ɗanmaliki. Ki yafe mini abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba.

Mijinki,
Abdulganiyyu

Tambuwal, Lahadi

Uwar Nasiha,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Na dawo da ƙafata.

Na tarar da su a ƙofar Maigari, Fulani gefe, manoma gefe, sanduna a ƙasa kusa da hannu, turakuna fuɗu a tsakiya. Na yi sallama, ba wanda ya amsa. Na durƙusa na zazzage buhun. Abin da na shirya faɗa duk ya gudu, sai na buɗe littafi ina karantawa kamar ɗan firamare. Wani saurayi ya miƙe ya ce ƙarya ce, turo ni aka yi. Na ji an taho bayana, na yi kalmar shahada a zuci.

Ardo ya ɗaga hannu. Ya ɗauki turke ɗaya nasu, ɗaya nawa, ya gwada sarar. Ya kama hannuna ya duba fentin da ya maƙale a farcena. Sannan ya ce, "Malam, mi kuka aunawa?" Na ce ciyawa muke ƙirgawa. Ya ce, "Ciyawa? Tun daga Tambuwal? Ai da kun tambayi saniya."

Wani tsoho ya fara dariya, sauran suka bi. Ni dai na rufe littafina. Maigari ya wanke ni tas a gaban jama'a, ya ce baƙo ko kazarsa ta ɓace sai ya yi sallama. Na ce gaskiya ne, ranka ya daɗe.

Uku suka ba ni. Ardo ya riƙe ɗaya, ya ce in mun dawo baɗi da ɗiyan makaranta mu fara biyowa ta ruga in karɓa. A hanyar dawowa na wuce mata biyu da ƙwaryar nono sun nufi gari. Na tsayar da mashin na zauna gindin kalgo na yi wa Allah godiya.

Na rubuta talatin da tara a littafi. Na ƙirga sau uku.

Ki gaida Inna da Nasiha. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki har kullum,
Abdulganiyyu