Yarinyar da Ke Kallon Bakin Malam

Ɗanbatta, 4 ga Yuni

Zuwa ga Mairo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya jikin autarmu Nazira, ya kuma 'yan biyu? Allah ya raya mana su. Ni lafiyata ƙalau, in ban da tuwon da nake tuƙawa da kaina, wanda ko akuyarmu in ta sansana sai ta yi gaba.

Direban da ke zuwa wurinku Rimin Gado ya ce kina ƙorafin ba na ɗaga waya. Ki yi haƙuri, wayar ce, magana na fitowa kamar daga cikin rijiya. Shi ya sa na koma takarda irin ta zamanin da nake neman aurenki.

An haɗa ni da sabon malami a firamaren Kukar Bako in riƙa ɗora shi a hanya. Sunansa Malam Zakiyyu, aji uku yake riƙe da shi, yara saba'in da ɗoriya. A bitar da muka yi a Kano an ce bincike ya nuna malami ya fi gyaruwa in mai duba shi ya zauna a baya ya yi shiru, bayan darasi ya yaba abu ɗaya, ya gyara ɗaya. Ke kin san shiru ba halina ba ne, amma ina ƙoƙari.

Yana da himma, sai dai wata yarinya mai suna Ramlat ta tsaya masa a rai. Duk sanda ya buɗe baki sai ta zuba masa ido, ko ƙiftawa ba ta yi. Shi kuwa ya ce 'yar da ta sami tarbiyya sunkuyar da kai take yi a gaban babba. Ya mai da ita layin ƙarshe, ya kuma aika wa mahaifinta, Malam Khamisu. Uban ya ce in har ba ta daina ba kafin hutu zai cire ta, tunda fitsara boko ke koya mata. Abin ya dame ni ƙwarai.

Ki gaida mai jego da angon ƙarni.

Naki,
Basiru

Ɗanbatta, 22 ga Yuni

Mairo,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fatan zazzaɓin Hassan ya sauka. Na ga saƙon yaji, Allah ya saka da alheri. An sami ruwa sosai, geronmu ya kai gwiwa.

Kin san yadda muke a aji. Malami ya tambaya ko an gane, yara su amsa gaba ɗaya har kwanon rufi ya ɗauka, kowa ya ji daɗi. Ni ma shekara talatin haka na yi. Na roƙi Zakiyyu ya gwada wata dabara daga bitar: a yanka kwalaye a raba, in ya yi tambaya ya ƙirga biyar a zuci, kowane yaro ya rubuta amsarsa ya ɗaga. Ranar farko ya fito jiki a sanyaye, domin kusan rabin masu ihun sun gane ba su gane komai ba. Na ce masa ai sai an zubar da ruwa ake ganin tsakuwar da ke cikin shinkafa, kuma na yaba masa da bai ɗora laifin a kan yara ba.

Ramlat kuwa, duk lissafin da aka rubuta a allo ta ci shi. Wanda Zakiyyu ya faɗa da baki yana fuskantar allo, kwalinta fari fat. Na haɗu da kakarta Inno mai ƙuli-ƙuli a ƙofar makaranta, ta ce tun wani zazzaɓi mai zafi da yarinyar ta yi shekara biyu da suka wuce ta koma mai taurin kai, a kira ta ta yi banza da mutum.

Mairo, na san abin da ke damun yarinyar nan. Tun ranar farko na sani. Ban faɗa ba, kuma wannan shirun ba wanda aka koya mana a bita ba ne. Saura sati uku a yi hutu, kunyar kaina nake ji.

Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Basiru

Ɗanbatta, 9 ga Yuli

Mairo tawa,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da Nazira da jikokina kuna cikin ƙoshin lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Ranar Talata na ɗauki Zakiyyu da hedimasta muka sami Malam Khamisu a gonarsa yana maimai. Na gaya masa Ramlat ba ta ji sosai, bakin mutum take kallo ta tsinci magana. Ransa ya ɓaci. Ya ce kurma ba ya magana, 'yarsa kuwa bakinta garau, kada mu rufe rashin kunya da sharrin nakasa. Ya ɗauki fartanyarsa zai ci gaba da aiki.

Sai na roƙe shi ya zagaya bayana ya faɗi duk abin da ya ga dama. Ya zagaya. Na tsaya ina kallon gero, ban ji komai ba sai wani guna-guni. Daga baya Zakiyyu ya ce sau uku mutumin ya tambaye ni sunan mahaifina. Da ya dawo gabana ya maimaita a hankali, na amsa masa nan take. Na ce musu ga ni da furfurata, bakina garau, kuma yau shekara biyu ke nan da ido nake jin magana.

Malam Khamisu ya ajiye fartanyarsa. Can ya ce da hannunsa ya sha marinta a kan ta daina kallonsa, ashe idon ne kunnenta, shi yake rufe mata. Zakiyyu ma hawaye ya yi, ya nemi gafara. Washegari uban da kansa ya kawo ta a keke. A ƙofar aji ya tsuguna har fuskarsa ta zo daidai da tata, ya ce ta kalle shi da kyau, sannan ya gaya mata ta yi karatu. Yanzu tana layin gaba kusa da ƙawarta Asiya, Zakiyyu kuma ya daina magana da allo.

Saura ke. Wayata lafiyarta ƙalau, Mairo. Tsoro nake ji kada ofis su ce wanda ba ya ji ba zai duba darasi ba, kuma ban so ki ga mijinki ya fara ƙarewa. Sai da na ga tsorona zai fitar da yarinya daga makaranta, sannan na buɗe baki. Na rubuta wa ofis da kaina, abin da suka yanke na karɓa. In an yi hutu za mu je asibiti a Kano a duba mu, ni da Ramlat, ina so ki raka ni.

Kin tuna bara da kike zolayata wai tsufa ya mai da ni saurayi, ba na ɗauke ido daga fuskarki? Na bar ki a haka don na ga kina jin daɗi. Ki yafe mini. Da farko don in ji abin da kike cewa ne, amma wallahi ko likita ya buɗe kunnen nan, kallon ba zan daina ba. Ki dawo da wuri, wata biyu ke nan ban ji muryarki ba, kuma ba ni da hanyar jinta sai kina gabana.

Naki har abada,
Basiru